Jiniya, Totur da Ƙwandala: Sharhi Kan Tsofaffin Wasannin Gem na Motar 'Yan Sanda

Duk wanda ya taɓa zama a bencin shagon gem na unguwa ya san yadda abin yake. Ɗaki ne ɗan ƙarami, talabijin biyu ko uku a kan tebur, janareta na ta kuka a bakin ƙofa, yara sun yi cincirindo har ba masaka tsinke. Mutum ɗaya ne ke riƙe da hannun gem, amma direbobi sun fi goma. Wannan ya ce, "Kai, sha kwana mana!" Wancan ya ce, "Ga su nan a bayanka, taka!" Da zarar jiniya ta tashi a cikin talabijin, sai ka ga mai wasan ya karkace gaba ɗaya zuwa hagu, kai ka ce bencin ne zai sha kwanar. Shi kuwa mai shago yana gefe a zaune, bai damu da wanda aka kama ko wanda ya tsira ba. Idonsa na kan agogo, yana jiran lokacin yaro ya cika ya ce, "Tashi, na gaba ya zauna."

Wannan agogo na mai shago shi ne mabuɗin fahimtar wasannin tseren motar 'yan sanda tun daga tushensu. Yau kusan shekara 40 ke nan da kafuwar wannan salo, na'urori sun canza, kamfanoni da yawa sun mutu, amma har gobe in ka buɗe rumbun manhajojin wayarka za ka tarar da ɗimbin wasanni na ɗan sanda yana bin ɓarawo, wasu ma da gangan aka zana su da kamannin na da. Tambayar ita ce: daga ina salon ya fito, me ya sa aka gina shi yadda aka gina shi, kuma me ya hana shi tsufa?

Gidan da aka haife su

Kafin gem ya shiga ɗakunan kwana, a kasuwa yake zaune. A Japan da Amurka da Ingila akwai zauruka na musamman da ake kira arcade, inda ake jera manyan akwatuna masu tsayin mutum, kowanne da allonsa da wasa guda ɗaya tak a cikinsa. Ba a sayen wasan, haya ake yi. Ka jefa ƙwandala a rami, akwati ya ba ka 'yan mintuna. A Japan ƙwandalar yen 100 ce, a Amurka kuwa ta santi 25. In ka mutu ko lokacinka ya ƙare, ko dai ka sake lalubar aljihu, ko ka matsa wa na bayanka.

Mota ta shiga wannan kasuwa da wuri. A 1974 kamfanin Atari na Amurka ya fitar da Gran Trak 10, akwati mai sitiyari da giya da abin takawa. A shekarar ce kuma Taito na Japan ya fitar da Speed Race, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙera, mutumin da daga baya ya yi Space Invaders a 1978. A 1982 Namco ya kawo Pole Position, wanda ya zaunar da salon kallon mota daga bayanta, titi yana tahowa yana wucewa. Sai 1986, lokacin da Yu Suzuki na kamfanin Sega ya fitar da Out Run: jar Ferrari Testarossa buɗaɗɗiya, bakin teku, itatuwan kwakwa, da rediyon da kai ne za ka zaɓi kiɗan da zai raka ka.

Out Run ya burge duniya, sai dai akwai abin da babu a cikinsa. Babu abokin gaba. Kana gudu ne kawai don kada lokaci ya ƙare, sauran motocin kan titi kuwa ba ruwansu da kai, cikas ne kurum. Gudun da ba a bin kowa, kuma ba wanda ke binka, daɗinsa yana da iyaka. Wannan giɓi ne motar 'yan sanda ta zo ta cike.

Masu ƙera gem ba su sha wahalar neman labari ba, domin fim ya riga ya share musu fage. Tun 1968 fim ɗin Bullitt ya nuna Steve McQueen a matsayin ɗan sanda yana bin mugaye da Ford Mustang a gangaren titunan San Francisco. A 1971 The French Connection ya biyo baya. A Japan shirin talabijin na Seibu Keisatsu, wanda aka nuna daga 1979 zuwa 1984, ya yi suna wajen farfasa motoci. Sannan ga Miami Vice da ya fara a 1984, 'yan sanda biyu cikin farin kaya, ɗaya fari ɗaya baƙi, suna farautar dillalan ƙwaya da motar alfarma. Matashin da ya shiga zauren gem a ƙarshen shekarun 1980 ya riga ya haddace wannan labari. Jiniya kawai zai ji, ya san abin da ake so ya yi.

Mu ma nan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Yaran da suka ƙera motar kara ko ta langa-langa, suka raba kansu gida biyu, waɗannan 'yan sanda waɗancan ɓarayi, suna kwaikwayon kukan jiniya da baki, ba su buƙaci wani ya karanta musu ƙa'ida ba. Wani ya gudu, wani ya bi shi: wasa ne da ya girmi lantarki.

Chase H.Q. a kusa

In ana neman uban gidan wannan salo, to Chase H.Q. ne, wanda Taito ya fitar a 1988. Bari mu tsaya a gaban akwatin mu ga abin da ke faruwa.

Ka jefa ƙwandala. Muryar wata mata mai suna Nancy ta fito ta oba-oba daga hedikwata, ta gaya maka wanda ake nema da irin motar da yake ciki. Kai ne Tony Gibson, abokin aikinka Raymond Broady yana gefenka, motarku baƙar Porsche 928. Duk wanda ya san Miami Vice zai gane inda aka ɗauko kamannin mutanen biyu. Kayan aikinka ba su da yawa: sitiyari, totur, birki, giya mai hawa biyu, ƙarama da babba, da wani maɓalli da ke ƙara wa mota wuta na ɗan lokaci, wanda sau 3 kacal za ka iya danna shi.

An ba ka daƙiƙa 60 ka cim ma mai laifi. Titi cike yake da motocin bayin Allah, kowace ka goga za ta rage maka gudu. Can gaba hanya ta rabu biyu, kibiya ta nuna maka wadda ya bi, in ka kuskure ka ƙara wa kanka nisa. Da ka hango shi, sai a ɗora jar fitila a kan rufin mota, jiniya ta tashi, a sake ba ka wasu daƙiƙa 60. A nan wasan yake juyewa. Da farko gudun karo kake yi, yanzu kuwa karo kake nema. Za ka yi ta dukan motarsa da taka, ma'auni a gefen allo yana nuna yawan ɓarnar da ka yi masa, hayaƙi ya fara tashi, wuta ta kama, har ya tsaya a gefen titi a kama shi. Masu laifi 5 ne, kowanne da motar da talaka sai dai ya gani a kalanda, daga mai kisa zuwa ɗan fashi, dillalan ƙwaya, mai satar mutane, har ɗan leƙen asiri.

Dubi hikimar da ke cikin wannan gini. Minti biyu ne kacal, amma an raba shi gida biyu masu saɓanin hali, kuma an bar maka shawara ɗaya mai nauyi: yaushe za ka ƙona wutar nan guda 3? In ka ƙone ta da wuri don ka cim masa, za ka isa gare shi ba ka da ƙarfin duka. In ka yi rowarta, lokaci zai ƙare tana hannunka. Sabon shiga yakan danne ta duka tun a farkon hanya. Gwani kuwa yakan ɓoye ta sai ya ga bayan motar ɓarawo a miƙaƙƙen titi. Wasan da za a koya a cikin minti ɗaya amma a shekara ana gyara hannu a kansa, shi ne abin da masu wannan sana'a suke nema, kuma a nan an dace.

Ba Taito kaɗai ya hango kasuwar ba. Shekara guda kafin nan, a 1987, Atari Games ya fitar da APB, wanda ake kallon mota daga sama. Shi wasan barkwanci ne. Kai ne wani kurtun ɗan sanda mai suna Bob, kullum ana yanka maka adadin masu laifin da za ka kamo, daga masu zubar da shara a titi zuwa masu tuƙi cikin maye. Ga mai yana ƙarewa, ga lokaci yana tafiya, in ka buge motar wanda bai ji ba bai gani ba a rubuta maka laifi, laifi ya taru a kore ka daga aiki. A 1989 Taito ya sake dawowa da Special Criminal Investigation, inda aka ƙara bindiga a kan karo. A 1990 Jaleco ya kawo Cisco Heat, wanda shi tsere ne zalla tsakanin motocin 'yan sanda a kan tuddan San Francisco. Namco kuma ya yi Lucky & Wild, inda mutum biyu ke zama tare, ɗaya yana tuƙi yana harbi, ɗayan yana taya shi harbi.

Yadda aka yaudari ido

Wanda ya saba da gem na yau zai yi mamakin jin cewa a waɗannan wasanni babu wani titi na gaske da aka gina mai tsawo da faɗi da zurfi. Na'urorin lokacin ba su da wannan ƙarfi. Ƙwaƙwalwar da ke cikin akwatunan Out Run da Chase H.Q., wato Motorola 68000, ko kusa ba ta kai ta wayar da ta fi kowace araha a kasuwa yau ba. Dabara aka yi.

Kowace bishiya, kowane allon talla, kowace mota, hoto ne shimfiɗaɗɗe kamar wanda aka yanko daga takarda. Na'ura takan fito da shi ɗan mitsitsi a can ƙarshen allo, sai ta riƙa ƙara masa girma tana gangaro da shi ƙasa da sauri, ido kuwa ya ɗauka abin tahowa yake yi. Titin ma layi-layi ake zana shi daga sama zuwa ƙasa. In ana son kwana, sai a ɗan gusar da layukan sama zuwa gefe. In ana son tudu, sai a ɗaga su. Ratsin haske da duhu da ke kan kwalta, waɗanda ke gudu zuwa gare ka, su ne ke sa ka ji iska a kunne. Motarka ba ta zuwa ko'ina, duniya ce ake jawowa ta ƙarƙashinta.

Ƙarancin kayan aiki ya tilasta wa masu zane tsabtar aiki. Launi mai ƙarfi, sama shuɗiya, motar ɓarawo da alama a kanta don kada ta ɓace maka, rubutu manya-manya. Komai an yi shi ne don a gane shi da kallo ɗaya daga nesa, cikin hayaniyar zaure mai akwati hamsin. Da aka zo mayar da Chase H.Q. ƙananan kwamfutocin gida a 1989, kamfanin Ocean na Ingila ya matse shi har ya shiga ZX Spectrum, na'urar da ƙwaƙwalwarta ba ta kai girman hoto guda na wayar yau ba. Launuka sun zube, amma wasan bai mutu ba, har ana lissafa shi cikin fitattun wasannin wannan na'ura. Wannan shaida ce cewa daɗin ba a ado yake ba, a ƙashin ginin yake.

Agogo shi ne ɓarawon gaskiya

Ruwa ba ya tsami banza. Me ya sa daƙiƙa 60, ba minti goma ba? Amsar tana cikin aljihun mai zaure. Akwatin gem kaya ne mai tsada, ga kuɗin haya, ga wuta. Mai zaure yana son kowane akwati ya riƙa haɗiyar ƙwandala a kai a kai. In wasa ya yi sauƙi, yaro ɗaya zai kwana a kai da ƙwandala guda. In ya yi tsanani fiye da kima, ba wanda zai sake kusantarsa. Don haka sai an auna shi kamar gishirin miya: ka ɗanɗani nasara, ka kusa kamawa, sannan lokaci ya yanke maka hanzari. Galibin akwatunan ma suna da 'yan maɓallai a ciki, waɗanda mai zaure zai buɗe ya ƙara wa wasan wuya ko ya rage.

A nan ne salon bin ɓarawo ya fi tsere na yau da kullum iya kasuwa. In lokaci ya ƙare maka a tsere, ka dai kasa kai wa wani layi. Amma in ya ƙare maka motar mai laifi tana ci da wuta a gabanka, saura duka ɗaya ko biyu, allo kuma yana ƙirga maka daƙiƙu yana tambaya ko za ka ci gaba, wane ne zai iya juya baya? Hannu da kansa yake tafiya aljihu. Mai laifin da ke cikin Lamborghini ɗan aike ne kawai. Wanda kake kokawa da shi na gaskiya agogo ne, shi kuma agogo yaron mai zaure ne.

Faɗin haka ba rage darajar wasannin ba ne. Matsin kasuwa ne ya koya musu ladabin da manyan wasanni da yawa na yau suka rasa: ba dogon bayani, ba jan rai, daga zama sai aiki. Mai tallan tsire ba ya yi maka lacca, ƙamshi ne ke kiranka.

Da kiɗa ya canza

Da gem ya koma gida, lissafi ya sauya. Wanda ya sayi kaset ko faifai ya riga ya biya, ba a buƙatar korarsa bayan minti biyu. Sai wasanni suka yi tsawo, kuma wani abin lura ya faru: mai wasa ya tashi daga kujerar ɗan sanda ya koma ta wanda ake bi.

Alamar ta fara tun 1987 a Test Drive, inda ɗan sanda ke biyo ka ya rubuta maka tara in ka wuce ƙa'idar gudu. The Need for Speed na 1994 ya ɗora a kai, sannan Need for Speed III: Hot Pursuit na 1998 ya mai da farautar ta zama jigon wasa, da shingaye da ƙusoshin fasa taya. A Dundee ta ƙasar Sukotland, kamfanin DMA Design ya fara wani aiki mai suna Race'n'Chase, wanda daga baya ya fito a 1997 da sunan Grand Theft Auto. Waɗanda suka yi aikin sun ba da labarin cewa wasan ya kasance lami, har sai da wani kuskure a cikin manhajar ya sa motocin 'yan sanda suka haukace suna afka wa mai wasa. Da aka ga daɗin da hakan ya kawo, sai aka bar shi aka gyara masa zama. A 1999 Driver ya raba gardama ta wata hanya: kai ɗan sanda ne, amma ka saje da 'yan fashi, don haka abokan aikinka ne ke binka. A 2005 Need for Speed: Most Wanted ya kai abin ƙololuwa, inda sai ka tara fushin 'yan sanda kafin ka samu damar karawa da direbobi 15 da ke jerin waɗanda ake nema ruwa a jallo.

Dalilin wannan juyi a bayyane yake. Mai bi hanya ɗaya gare shi, wadda ɓarawo ya bi. Mai gudu kuwa duk gari nasa ne: lungu, gada, kasuwa, bayan gida. Da na'urori suka iya gina birni sukutum, sai gudu ya fi bi yawan dabaru. An ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Tsofaffin akwatuna ranar mai kaya suke sayarwa, na baya kuwa suka koma sayar da ranakun ɓarawo.

Ta ina suka iso mana?

Yawancinmu ba mu taɓa zama a cikin akwatin Chase H.Q. na asali ba. Ta ƙofar baya salon ya shigo mana. Da farko akwai ƙananan na'urorin nan masu araha da ake haɗawa da talabijin, masu kaset da aka rubuta wa wasanni 9999 a jiki, in ka duba ka tarar 'yan ƙalilan ne ake ta maimaitawa. A cikinsu ne da yawa suka san Road Fighter na Konami, wanda asalinsa wasan akwati ne na 1984: babu ɗan sanda a ciki, amma ga mai yana ƙarewa, ga motoci suna yanko maka hanya. Daga nan sai Sega, sai PlayStation ta ɗaya da ta biyu, waɗanda suka cika shagunan unguwa.

Abin sha'awa shi ne, na'urar gida ce, amma mu sai muka mayar da ita kasuwa. Tsarin biyan kuɗi a yi wasa na ɗan lokaci, da 'yan kallo a tsaye, da layin masu jira, ai shi ne zauren Tokyo da aka sake haifa a cikin shago mai rufin kwano. Na tuna wani yammaci da na tara kuɗin tara na kwana biyu na kai wa mai shago. Motoci sun fi biyar a bayana, na samu wani lungu na kutsa, yaran da ke kaina suna ihu, saura ƙiris in ɓace musu, sai ɗif, wuta ta ɗauke. Kafin a tayar da janareta, mai shago ya dubi agogo ya ce, "Yaro, lokacinka ya cika." Na ce, "Haba yaya, ai ban gama ba." Ya ce, "Gem ɗin ne bai gama ba, kai ka gama." Ban san sunan Taito ba a lokacin, amma darasin da suka gina sana'arsu a kai na karɓe shi a ranar.

Abin da allo ba ya nunawa

Sharhi ba zai cika ba in ba a faɗi inda wasannin suka yi ƙarya ba. A Chase H.Q. za ka goge motar mai iyali da gudun da ya wuce hankali, abin da za ka rasa daƙiƙa biyu ne kawai. Ba jini, ba asibiti, ba zaman makoki. Mai laifi kuwa an riga an yanke masa hukunci tun daga muryar Nancy: ba bincike, ba shaida, ba kuskuren kama wani a madadin wani. APB ma ya wuce nan. In ka kamo babban mai laifi, akwai wurin da za ka riƙa danna maɓallai kana jijjiga shi don ya amsa laifi kafin shugabanka ya shigo. An yi shi don dariya, amma wanda ya san abin da ke faruwa a wasu ɗakunan bincike na duniya dariyarsa ba za ta yi nisa ba.

A zahiri, bin mota da mota yana cikin mafi haɗarin ayyukan ɗan sanda. A Amurka, inda aka ɗauko yawancin waɗannan labarai, ɗaruruwan mutane ne ke mutuwa kowace shekara a irin wannan farauta, cikinsu har da masu wucewa da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Shi ya sa rundunoni da yawa a can suka taƙaita laifukan da za a bi mota saboda su. Dabarar taɓa gefen bayan mota don ta juya ta tsaya akwai ta, ana koyar da ita, amma muhawara ba ta ƙare a kanta ba. A 2007 sai da magana ta kai Kotun Ƙolin Amurka, kan wani matashi da ya shanye bayan ɗan sanda ya buge motarsa a jihar Jojiya. Kotu ta ba ɗan sandan gaskiya, amma matashin bai sake tafiya da ƙafafunsa ba.

Ba ina cewa gem ne ke koya wa yara ganganci ba. Masu wasan mota a wajen biki, da ɗan acaɓan da ke ratsa tsakanin tirela biyu, ba sai sun taɓa riƙe hannun gem ba. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya girma yana ganin mota ta kife ta tashi garau, yana buƙatar babba a kusa da zai gaya masa cewa a kan kwalta ba a sake jefa ƙwandala.

Tsohuwar zuma

Zaurukan da suka haifi salon sun ja baya ƙwarai. Taito ya koma ƙarƙashin Square Enix a 2005. Sega, mai Out Run, ya sayar da harkar zaurukansa na Japan tsakanin 2020 da 2022. Amma wasannin ba su bi su kabari ba. Tun 1997 wani ɗan Italiya, Nicola Salmoria, ya fara manhajar MAME, wadda ke sa kwamfuta ta kwaikwayi tsofaffin akwatuna, kuma da ita aka adana dubban wasannin da da sun ruɓe tare da katakonsu.

Sababbin masu ƙira ma sun waiwayo. A 2014 wani ƙaramin kamfani a Finland ya fitar da Pako, inda motarka ba ta tsayawa, 'yan sanda na binka a fili ƙuntatacce, karo ɗaya ya gama da kai. A 2015 Aquiris na Brazil ya yi Horizon Chase don tunawa da wasannin tseren farkon shekarun 1990. Hotshot Racing na 2020 ya zo da launukan da, har da sashen 'yan sanda da ɓarayi. Dalilin dawowar ba kewar ƙuruciya kaɗai ba ce. Waya ta dawo da yanayin zauren da: mutum yana cikin a-daidaita-sahu ko yana layin banki, minti uku gare shi, yana son abin da zai fara nan take ya gama nan take.

Sai dai a nan ne ya kamata a buɗe ido. Da yawa daga wasannin da ke cika waya sun ɗauki fatar na da, sun bar naman. Ƙwandala ta koma talla. Ka yi karo, a ce ka kalli tallan daƙiƙa 30 ka ci gaba. Kana son mota mai gudu, a ce ka biya. Tsohon akwati yana cin kuɗinka, amma cinikinsa a fili yake, kuma in hannunka ya faɗa, ƙwandala ɗaya za ta kai ka ƙarshe, mai zaure yana kallo ba yadda zai yi. Wasan da aka gina don talla kuwa ba ya son ka gwanance, so yake ka yi ta faɗuwa, yana cin datarka da lokacinka.

Ga ma'auni mai sauƙi ga mai wasa da kuma uban da ke miƙa wa ɗansa waya. In an faɗi, a tambaya: laifin hannuna ne, ko an shirya ne don in biya? In gobe aka sake gwadawa, ana ƙara gwaninta, ko mota mai tsada kawai ake ƙara buƙata? Wasan da ya ci wannan jarrabawa ya gaji Chase H.Q. da gaske, ko da zanensa bai fi na motar kara kyau ba. Wanda ya faɗi kuwa a goge shi, waya ta huta. Kuma duk daɗin da jiniya ta yi a allo, in an ajiye hannun gem an kama sitiyarin gaske, a tuna cewa rai ɗaya ne, ba a ba da na biyu.